Shaihu Umar: Kada Mu Manta da Mahaifiyarsa

Malam Edita,

Ina roƙon ɗan fili a jaridarka mai farin jini domin in tofa albarkacin bakina kan yadda ake fassara Shaihu Umar, tauraron littafin marigayi Abubakar Tafawa Ɓalewa. Littafin ya fito a 1934, bayan gasar rubutun Hausa da Rupert East ya shirya a Zariya a 1933, gasar da ta ba mu Ruwan Bagaja da Ganɗoki. Daga baya Umaru Ladan da Dexter Lyndersay suka mayar da shi wasan kwaikwayo, Adamu Halilu kuma ya yi fim ɗinsa a 1976.

Masu sharhi sun kasu biyu. Kashi na farko na cewa labarin farfagandar Turawa ce: an nuna ƙasar Hausa cike da harin bayi don a ce zuwan Gwamna Lugga rahama ne. Kashi na biyu, wanda ya fi yawa a makarantunmu, na kallon Umar a matsayin abin koyi kawai: yaron da aka sace, ya yi haƙuri, ya yi karatu, ya dawo shehin malami a Rauta. A ganina, kowane kashi ya kama gefe ɗaya ya saki ɗayan.

Gaskiya ne littafin ya fito daga ofishin gwamnatin mulkin mallaka. Amma Bature bai isa ya bugi ƙirji kan bauta ba. Dokar 1901 ta 'yanta yaran da aka haifa bayanta ne, ta bar iyayensu a hannun iyayengijinsu. Sai a 1936, shekara biyu bayan fitowar littafin, aka haramta bauta gaba ɗaya a Arewa. Kuma da aikin tilas aka shimfiɗa layin dogon da ya isa Kano a 1911. Sai dai laifin Bature ba ya wanke namu. Harin da fadawa suka kai wa Gwarawa a cikin labarin ba ƙage ba ne, haka ma ayarin da ke keta Sahara da mutane zuwa Murzuk.

Kashi na biyu kuwa ya manta da tambaya mai nauyi: me ya ɗaga Umar? Balarabe Abdulkarim ne ya ɗauke shi kamar ɗa, ya sa shi karatu. Sa'a ce ta mutum ɗaya. Mahaifiyarsa ta bi hanyar Sahara tana neman ɗanta, aka yaudare ta aka mayar da ita baiwa, ta sha azaba, ta rasu jim kaɗan bayan sun sadu. Jini ɗaya, fata ɗaya, amma ɗa ya samu allo da alƙalami, uwa ta samu sarƙa. Ɓalewa, wanda shi kansa ba ɗan sarauta ba ne, ya san abin da yake yi da ya jera su haka. Duk wanda ya shirya wasan ya cika dandamali da rawani da tasbaha, ya bar uwar a lungu, to ya ci tuwo ya bar miya.

Mu mutanen Faskari da Sabuwa da Ƙanƙara ba ma bukatar wani ya fassara mana kukan wannan mata. A watan Disambar 2020 aka kwashe ɗalibai sama da 300 daga makarantar sakandaren kimiyya ta Ƙanƙara, iyaye mata suka cika ƙofar makarantar suna jiran labari. Har yau akwai ƙauyukan da ake sayar da gona da hatsi don a fanso mutum, kuma talaka ne ya fi daɗewa a daji.

Saboda haka ina kira ga malaman Hausa da ƙungiyoyin wasan kwaikwayo: idan za ku koyar da Shaihu Umar ko ku shirya shi, ku ba mahaifiyarsa da Gwarawan da aka kama cikakken matsayinsu. Ku tambayi ɗalibai wa ya kama, wa ya sayar, wa ya saya, wa kuma ya ci riba. Allah Ya kawo mana zaman lafiya, amin.

Naka,
Mai karatu daga Faskari, Jihar Katsina