Baƙo A Birnin Bakin Teku: Yadda Za Ka Gane Shagon Nutso Na Kirki

A wannan wata za mu yi magana a kan wani abin da kakanninmu ba su san shi ba, amma 'ya'yanmu sun fara cin karo da shi. Karatu da neman abinci suna kai matasanmu biranen bakin teku. A can sukan ga mutane sun goya tukunyar iska a baya, sun sa tabarau, sun nutse ƙarƙashin ruwa kusan sa'a guda kafin su fito. Wanda ya gani yakan yi sha'awa, ba laifi ba ne kuwa. Amma ruwa ba sa'an kwando ba ne. Mai koyon nutso yana sa ransa ne a hannun mai shagon da ya ba shi kaya, ya kuma koya masa. To, ƙaƙa baƙo zai gane shagon kirki a garin da bai san kowa ba?

Bari mu ɗauki misalin Hurgada, wani birni na ƙasar Masar a bakin Bahar Maliya, fiye da kilomita 400 daga Alƙahira. Dā ƙauyen masunta ne, amma tun daga shekarun 1980 ya zama babban birnin baƙi, shagunan nutso kuwa sun cika shi. Ruwan wurin garau yake, ga murjani, ga kifaye iri iri. Abin da za mu faɗa a kan Hurgada zai amfani wanda ya sauka a Jidda, ko Mombasa, ko wani birnin bakin teku.

Da fari dai mu san abin da ya sa maganar take da nauyi. A shekarar 1943 ne waɗansu Faransawa biyu, Jacques Cousteau da Emile Gagnan, suka ƙera na'urar da take ba mutum iska daga tukunya daidai da matsin ruwan da yake ciki. Abin da yake cikin tukunyar nan iska ce irin wadda muke shaƙa, an dai matse ta ne wajen ninki 200. Ruwa kuwa yana da nauyi. A zurfin mita 10 matsin da yake bisa jikin mutum ninki biyu ne na wanda yake a tudu, a mita 20 ninki uku, a mita 30 ninki huɗu. Idan mutum ya cika huhunsa a mita 10, ya riƙe numfashi, ya taso sama, iskar za ta kumbura ninki biyu, tana iya yaga huhun. Banda wannan, naitirojin da yake cikin iskar yakan shige jini da nama. In mutum ya taso da gaggawa sai ya yi kumfa a jiki, kamar yadda lemon kwalba yake yi sa'ad da aka buɗe shi farat ɗaya. Kumfan nan yana kawo ciwon gaɓoɓi, da shanyewar jiki, har da mutuwa. Duk waɗannan ana iya kauce musu, amma sai da malami mai gaskiya da kaya masu lafiya.

Abu na fari, kada ka yi gaggawa. Mai tare ka a bakin ruwa ko a ƙofar masauki yana yi maka tallar nutso, la'adarsa yake nema. Nemi waɗanda suke zaune a garin, waɗanda suka daɗe suna nutso, ka tambaye su inda suke ɗura iskarsu da inda za su kai ɗansu na cikinsu ya koya. Da ɗan gari akan ci gari. Sa'an nan ka taka da ƙafarka zuwa shago biyu ko uku, kuɗinka yana aljihu tukuna. Gani ya kori ji.

Abu na biyu, ka nemi takarda. Akwai manyan ƙungiyoyi masu ba da shaidar nutso waɗanda duniya ta san su: BSAC ta Ingila tun 1953, da CMAS tun 1959, da PADI ta Amurka tun 1966, da SSI tun 1970. Kowane malami na gaske yana da kati mai lambarsa. PADI ma ta buɗe hanya a intanet inda za ka sa lambar malami ka ga ko izininsa yana aiki har yanzu. A Masar kuma akwai hukumar CDWS da aka kafa a 2007, shagon nutso ba ya zama halal sai da rajistarta da lasisin Ma'aikatar Yawon Buɗe Ido. Tutar ƙungiya da aka rataya a ƙofa ba shaida ba ce, gama kowa yana iya ɗinka tuta. Ka ce a nuna maka katin mutumin da zai shiga ruwa da kai. Mai gaskiya ba ya fushi da wannan tambaya.

Abu na uku, ka lura ko su ma sun yi maka tambaya. Shagon kirki zai ba ka takardar lafiya ka cika kafin ya karɓi ko sisinka. Mai farfaɗiya, da mai ciwon zuciya, da mai fuka, ba su shiga sai likita ya duba ya yarda, sau da yawa kuwa ba ya yarda. Mace mai juna biyu ba ta nutso sam. Ga wani abu kuma da ya shafi jama'armu ƙwarai, wato cutar sikila. Likitocin nutso suna hana mai wannan cuta shiga, wanda kuma yake ɗauke da ƙwayarta kawai ya fara ganin likita. Mai shagon da bai saba da mutanenmu ba yana iya mantawa da ita, don haka kai ne za ka ta da maganar. Idan wani ya ce maka, "Rubuta babu a ko'ina, kada mu ɓata lokaci," ɗauki takalmanka ka fita.

Abu na huɗu, ka ce a kai ka bayan shago. Gaban shago na ado ne, gaskiyarsa tana ɗakin injin ɗura iska. Dukanmu mun san yadda hayaƙin janareta yake kashe iyali guda cikin dare. Gubar nan ce kuma take kashe mai nutso idan bakin da injin yake zuƙar iska yana kusa da hayaƙin mota, ko na jirgi, ko na injin kansa. Gubar ba ta da wari ko launi, a ƙarƙashin ruwa kuma da ninkinta mutum yake shaƙa. Dubi inda bututun zuƙar yake. Tambayi yaushe aka sake matata, ka ce a nuna maka takardar gwajin iska. Buɗe tukunya kaɗan ka sansana. Rashin wari bai isa shaida ba, amma in ka ji warin mai ko na hayaƙi, magana ta ƙare. Dubi kafaɗar tukunyar kuma, akwai wata da shekarar da aka yi mata gwajin matsi a buge jikin ƙarfen. A ƙasashe da yawa ana yin gwajin nan kowace shekara 5. Tiyo mai tsagewa, da abin cizo na baki wanda ya tsinke, da kayan da aka jibge a rana ba a ɗauraye gishirinsu ba, duk suna faɗa maka halin mai wurin.

Abu na biyar, ka auna koyarwar. A tsarin PADI, mai neman katin farko sai ya yi karatun littafi, ya yi darasi 5 a ruwa marar zurfi, sa'an nan nutso 4 a buɗaɗɗen ruwa. Sai ya nuna yana iya tafiyar mita 200 da iyo, ya kuma tsaya a saman ruwa minti 10. Wannan yakan ci kwana 3 ko 4. Katin yana ba shi izinin mita 18 ne kaɗai, iyakar masu nutson nishaɗi duka kuwa mita 40 ce. Akwai kuma nutson ɗanɗano na yini ɗaya wanda ba ya wuce mita 12, amma wannan ba ya mai da mutum mai kati. Wanda ya yi maka alkawarin kati a yini ɗaya da rabin kuɗi, ka tuna araha ba ta ado. Tambayi ɗalibai nawa malami ɗaya yake riƙewa. Dokar PADI ba ta yarda su wuce 8 a buɗaɗɗen ruwa ba, huɗu kuwa sun fi takwas samun kulawa.

A nan ma akwai wani gwaji mai sauƙi. A arewacin Bahar Maliya akwai jirgin Ingila mai suna Thistlegorm wanda jiragen saman Jamus suka nutsar a 1941, da motoci da babura a cikinsa har yau. Yana kwance a wajen mita 30, igiyar ruwan wurin kuma tana da ƙarfi. Ka ce wa mai shago kana so a kai ka can da zarar ka sami katin farko. In ya ce, "A'a, sai ka ƙara koyo," ka sami mutumin kirki. In ya ce, "Ba komai, kawo kuɗi," ka san aljihunka yake so.

Abu na shida, ka tambayi shirinsu domin ranar wahala. A kowane jirgin nutso lalle a sami tukunyar oksijin tsantsa da wanda ya iya ba da ita, da rediyo, da rigunan ceto, da abin kashe gobara, da takardar ƙirga mutane kafin a tashi. Maganin kumfan naitirojin shi ne a sa mutum cikin ɗakin matsin iska na asibiti. Akwai irinsa a Hurgada, da El Gouna, da Sharm el-Sheikh. Mai shagon da bai san wanda ya fi kusa da shi ba, bai shirya ba. Jirgin kansa ma abin dubawa ne. A watan Nuwamba na 2024 wani jirgin masu nutso ya kife kusa da Marsa Alam, kudu da Hurgada, mutum 11 suka mutu ko suka ɓace. Ka kuma sayi inshorar nutso, irin ta ƙungiyar DAN, gama jinyar nan tana da tsada.

Bayan ka sami shagonka, ka lura da ɗabi'ar ma'aikatansa a cikin ruwa. Ba a nutso mutum ɗaya, sai da abokin tafiya. Ana tasowa sannu sannu, a tsaya minti 3 a mita 5. Ba a hawa jirgin sama sai bayan sa'a 12 da nutso guda, ko sa'a 18 in an yi da yawa. Jagoran da yake barin mutane su karya murjani, wanda ya raina ƙaramar doka ke nan, ba za a amince masa da babba ba. Kada kuma ka yi saurin sayen kaya. Fara da tabarau wanda ya zauna a fuskarka daidai, sauran ka yi haya tukuna har ka san abin da ya dace da kai.

Ku iyaye da matan aure, in ɗanku ko maigida ya aiko cewa zai koyi nutso, kada ku tsaya ga tsoro kawai. Ku tambaye shi sunan ƙungiyar malaminsa, da ko likita ya duba shi, da inda ɗakin matsin iska yake. In ya kasa amsawa, ku ce ya koma ya tambayo. Matambayi ba ya ɓata. Sai mun sadu a wata mai zuwa.