Mashaƙo Da Gidajen Renon Yara A Sabon Gari

Annobar mashaƙo da ta ɓarke a Kano a ƙarshen 2022 ta fi kama yaran da ba a yi wa rigakafi ba. Tana yaɗuwa ta tari da shan kofi ɗaya. Shi ya sa dokar gidan reno ita ce, yaro mai zazzaɓi da ciwon maƙogwaro kada a kawo shi. Amma uwa mai rumfa a kasuwar Sabon Gari, in ta rufe ta rasa cefanen ranar, sai ta ɓoye ciwon. 'Yan'uwa, doka kaɗai ba za ta isa ba. Mu duba katin rigakafi, kowane yaro da kofinsa, a wanke hannu da sabulu. Zumuntar mata kuma ta tsare wa uwar rumfa, ta samu kai ɗanta Asibitin Zana.