Amanar Inuit a Wuyan Ottawa

Tun shekarar 1939, lokacin da Kotun Ƙolin Kanada ta yanke hukunci cewa al'amarin Inuit, 'yan asalin ƙasar ƙanƙara ta arewa, yana wuyan gwamnatin tarayya, ba wata hujja da ta rage wa gwamnatin ta Ottawa ta kuɓuta daga wannan amana. Amma duk da haka, a 1953 gwamnatin nan ce ta kwashi iyalan Inuit daga Inukjuak ta jibge su can ƙuryar arewa, wuraren da a yau ake kira Resolute da Grise Fiord, inda rana kan ɓace watanni, aka kuma yi musu alkawarin komawa gida bayan shekara biyu, alkawarin da aka saɓa. Sai a 2010 gwamnati ta nemi gafara, bayan da dama daga cikin waɗanda aka zalunta sun riga mu gidan gaskiya.

Haƙiƙa kafa wa Inuit yankin Nunavut a 1999 abin yabo ne. Sai dai mafi yawan kuɗin tafiyar da yankin daga baitulmalin tarayya yake fitowa, tarin fuka kuwa yana addabar jama'a a gidaje masu cunkoso, sannan a 2021 mutanen Iqaluit, babban birninsu, sun yi makonni suna layi da jarkoki saboda mai ya gurɓata ruwan famfo.

A 2018 Ottawa ta ɗauki alkawarin kawar da tarin fuka daga ƙasar Inuit kafin 2030. Wajibi ne ta gina gidaje da asibitocin da za su sa wannan alkawari ya tabbata.