Kun sayi kat-kat, to wa zai yi maganar hanya?

Ƴan uwa matasa, yau zan sosa inda ke mana ƙaiƙayi. Wanda ya ji zafi ya yi haƙuri, har cikin gidanmu maganar ta shiga.

Ɗan wan babana ɗan kasuwar albasa ne. Shekara shida yana lodi tsakanin Galmi da Tsarnawa, yana tara jika bisa jika. Bara da kasuwa ta yi masa kyau, sai ya ce shi ma lokaci ya yi da za a san da zamansa a gari. Ya kwashi sefa miliyan 11 ya miƙa wa wani dillalin motoci, aka kawo masa tsohuwar kat-kat baƙa wuluk mai gilashi mai duhu. Wata huɗu ta yi tana yawo. Daga nan giya ta fara ƙin shiga, inji ya kama hayaƙi. Da bakanike ya buɗe ta sai ya girgiza kai ya ce: "Alhaji, wagga mota ta yi tahiya ninkin abin da agogonta ka nunawa. Juya shi anka yi." Yau tana ƙofar gida bisa duwatsu, awaki na shan inuwa a ƙarƙashinta. Da lokacin sayen albasar ajiya ya zo, bashi ya ci.

Ku zagaya garejin Ƙonni da na Tawa, za ku ga ƴan uwanta jere, kowace da labarinta.

Mu fara da lissafi, tunda shi ba ya jin kunyar kowa. Tsohuwar V8 mai shan fetur tana lashe kusan lita 15 a kowane kilomita 100, in ma lafiyarta ƙalau ke nan. Daga Ƙonni zuwa Yamai kusan kilomita 420 ne. Zuwa da dawowa lita 126. A farashin sefa 499 da gwamnati ta tsaida a 2024, ka ƙone jika 63 ke nan. Mafi ƙarancin albashi a ƙasar nan jika 42 ne a wata. Wato tafiya guda ta cinye albashin lebura na wata ɗaya da rabi, ba a yi maganar taya da baƙin mai da takardu ba. Da can ƴan ruwa-ruwa ke rufa wa masu manyan motoci asiri da man Najeriya mai araha. Tun Mayun 2023 da Tinubu ya janye tallafin mai, wannan rijiya ta ƙafe. Da aka rufe iyakar Benin bayan 26 ga Yulin 2023, motar da a da ke biyowa ta Kwatano da Gaya sai ta koma zagayowa ta Lome da Burkina, kuma kuɗin zagayen a aljihun mai saye ya fita.

Sannan mi ake sayar muna? A 2020 hukumar muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta fitar da rahoto cewa tsakanin 2015 da 2018, Turai da Amurka da Japan sun fitar da tsofaffin motoci miliyan 14, kuma Afirka ce babbar kasuwarsu. Da hukumomin Holan suka duba waɗanda ke fita daga tashoshinsu, sun tarar yawancinsu shekararsu 16 zuwa 20, ba su ma da takardar shaidar lafiyar hawa titi. Abin da Bature ya ga kai shi bola zai ci masa kuɗi, shi muke tarba da guɗa, har da walima.

Amma asarar mai mota tasa ce shi da iyalinsa. Abin da ya dame ni ya fi wannan girma.

Ka tambayi duk mai kat-kat dalilinsa, amsa guda ce: hanya ba ta da kyau. Gaskiya ya faɗa. Ka sauka daga kwalta ka nufi ƙauyukan kwarin Maggiya ko na bayan Illela da Badagishiri cikin watan Agusta, ka ga yadda ƙorama guda ke raba gari da asibiti kwana da kwanaki. Damanar 2024 ta kashe ɗaruruwan mutane a ƙasar nan, ta yanke hanyoyi. To su wa ke da bakin da za su ce a gyara a ji su? Manyan ƴan kasuwa, manyan ma'aikata, masu sarauta, ƴan siyasa. Kuma su ne daidai waɗanda suka sayi maganin ramin don kansu kaɗai. Mutumin da ke cikin sanyin mota, taya har ƙugu, ramin bai taɓa bayansa ba. Ya wuce ya bar wa mai amalanke ƙura. Ranar da babba ya daina jin girgizar hanya, ranar hanyar ta zama marainiya.

Wa aka bari da ramin? Mace mai naƙuda da aka ɗora bisa amalanke za a kai ta asibitin Galmi. Ɗan kabu-kabu da ke tura babur cikin laka. Manomin da albasarsa ke ruɓewa a rudu don babbar mota ta ƙi shigowa ƙauyensu, har ya sayar a wulaƙance. Abin kunyar ma, a Malbaza ake yin siminti. Muna kallon tireloli na fita da shi dare da rana, alhali ƴar gadar da za ta haɗa ƙauye da kasuwa ta gagara.

Na san abin da za a ce. "Kuɗɗina ne, ina ruwanka?" Kuɗinka ne, ba mu ce ka sata ba. Amma hayaƙin tsohon injinka huhun yaranmu yake shiga, kuma ranar da birkinka ya tsinke a tsakiyar kasuwa ba kai kaɗai za a ɗauka ba. Wani zai ce hassada ce. Wallahi ba wanda ke hassadar motar da ke bisa duwatsu. Wani kuma ya ce akwai masu bukatarta da gaske. Akwai: motar ɗaukar marasa lafiya, malaman rigakafi, likitan dabbobi. Abin mamaki, su ne ba su da ita.

Don haka ga abin da muke nema. Hukuma ta tsaida iyakar shekarun motar da za ta shigo, a riƙa duba lafiyarta da gaske kafin a ba ta lamba, a daina sayen takardar bincike kamar ƙosai. Dillalin da aka kama ya juya agogo a hukunta shi a matsayin ɗan damfara. A kafe wa jama'a a ƙofar kowace ma'aikatar gari nawa aka ware wa hanyoyin karkara bana, nawa aka kashe, wa ya samu kwangilar. Duk wata sabuwar kat-kat da za a saya da kuɗin talakawa, a fara nuna muna motar asibitin yankin tana tashi.

Kai kuma ɗan uwana da ka fara ganin kuɗi, kafin ka kira dillali ka zauna da biro da takarda. In dole sai ka saya, ka je da bakaniken da kai ka biya, a ɗaga motar a duba ƙarƙashinta, a gwada ta a kan hanya, a tantance takardun duwan. Amma ka tuna miliyan 11 injin ban ruwa nawa ne, rumbun albasa nawa ne, matasa nawa za su ci abinci a ƙarƙashinka.

In kuwa ka riga ka saya, to ka sauke gilashi ka dubi waɗanda kake watsa wa ƙura. Ranar da za mu je gaban perfe kan maganar hanya, ka ɗauko mu cikin kat-kat ɗin taka, ka kuma shiga gaba.

Allah shi sa mu gane.