Daga Greensboro: Kambas ɗin gayu daban, na aiki daban

Ranar Asabar ɗan ƙanwata da ke karatu a Jami'ar North Carolina A&T ya shigo mini da sassafe, gaisuwa har da durƙuso. Ina ganin haka na san da magana. "Kawu, rancen dala ɗari biyu nake nema, akwai wani kambas da nake so kafin bikin tsofaffin ɗalibai na Oktoba."

Ban yi masa dariya ba, don na san garin da muke. A jihar nan takalmi ba abin wasa ba ne. Michael Jordan a Wilmington ya taso, a Chapel Hill ya yi ƙwallon kwando, shi ya sa shuɗin sararin samaniyar nan na jami'arsa ba ya fita yayi a ƙafar matasa tun fitowar Air Jordan na farko a 1985. A shekarar ne kuma Nike ya fitar da Dunk cikin launukan jami'o'i. A 2022 abin ya iso ƙofar gida: aka yi Dunk na musamman da sunan A&T, mai ratsin shuɗi da ruwan zinariya, wanda wata 'yar makarantar ta tsara. Shi yaron nan yake nema a hannun 'yan sari na intanet.

Dabarar kamfanonin ba ɓoyayyiya ba ce. Takalmin dai shi ne, sai a kira wani mai zanen kaya, kamar yadda Adidas ke yi da Wales Bonner kan Samba, a sauya launi, a fitar da kaɗan. A manhajar SNKRS har ƙuri'a ake jefawa. Wanda bai dace ba sai ya koma StockX ya saya da tsada. 'Yan kasuwar Kantin Kwari sun san wannan karatun tun tuni: atamfa ɗaya ce, sabon zane ke ɗaga kuɗinta.

Abin da ya dame ni ƙafarsa ce. Yaron yana aikin tsaye a ɗakin cin abinci bayan darasi, kuma tun bazara yake kukan ciwon dunduniya. Dunk takalmin ƙwallon kwando ne na shekara arba'in da suka wuce, ƙasansa shafe, ba taushi. Yawancinmu nan, 'yan Nijar da 'yan Najeriya, a sito da masana'anta muke, awa goma a kan siminti. Ƙafar da ke wannan aikin takalmin gudu take buƙata, irin su Pegasus, Brooks Ghost ko Hoka. Su ma taushinsu na mutuwa bayan mil 300 zuwa 500, ko da samansu na nan fes.

Sirrin da na koya shi ne, kusan duk shekara sabo ke fitowa, na bara kuwa kuɗinsa ya faɗi, musamman launin da bai samu kasuwa ba. Nawa ruwan ɗorawa ne shar, matata ta ce kamar mai aikin hanya.

Muka hau babbar hanya ta 40 zuwa kantunan rangwame na Mebane. Na saya masa takalmin gudu na bara, kyauta ba rance ba. A hanyar dawowa ya yi shiru har muka wuce Burlington, sannan ya ce, "Kawu, to na bikin fa?" Na ce ya bugo wa mahaifiyarsa a Maraɗi, ya faɗa mata nawa dala ɗari biyu take a sefa. Har yau bai buga ba, amma na lura ya daina ɗingishi.