A sa ido kan haƙar burtsatse a karkara

Ya Edita,

Ina roƙon fili in yi magana kan ruwan ƙarƙashin ƙasa a yankin Haɗejiya da Nguru. Tun da aka gina madatsar ruwa ta Tiga a 1974, da ta Challawa a 1992, malalar ruwan da ke shayar da fadamunmu ta ragu, ita ce kuwa ke ciyar da rijiyoyi. Ga shi yanzu injin sola ya shigo. Mai hali sai ya haƙa burtsatse, ya yi ta zuƙar ruwa tun hantsi har la'asar don noman rani, rijiyar unguwa kuma ta ƙafe tun bazara ba ta yi nisa ba. Mata da yara ne ke shan wahalar, suna tafiya mai nisa ɗauke da jarkoki.

Ba na ƙin noman rani, da shi muke ci. Amma dokar ruwa ta 1993 ta ba kowa damar ɗibar ruwan gida da na dabbobi kyauta, kuma wannan haƙƙi ya kamata a fara karewa. Gwamnatocin Jigawa da Yobe su wajabta wa masu haƙa yin rajista, a ƙayyade zurfi da tazarar da za a bari tsakanin rijiyoyi. A kuma sa dagatai da masu unguwanni cikin aikin, don su ne kan fara jin labari idan rijiya ta soma ja da baya.

Wassalam,
Mai karatu daga Nguru