Ba Ƙaddara Ce Ta Tsayar Da Injin Ba

Duk shekara, da azumi ya shiga goman ƙarshe, sai rubuce-rubuce a kan tela su cika wannan zaure. Labarin ɗaya ne: ya karɓi shadda, ya rantse, ranar jajibere ya kulle shago ya kashe waya. An mayar da tela maƙaryaci kamar muguwar kishiya a littattafan soyayya, halittar da ba a neman dalilin halinta. To 'yan uwa marubuta, wannan makon muna so mu bi rigar nan mu ga inda ta maƙale, kuma a Zuru za mu bi ta.

Sau da yawa rigar ba ta hannun tela. Shi ya yanka, ya kai wuya da aljihu wurin mai aikin kwamfuta, yana jiran a dawo masa da su ya haɗa. Inji ɗaya na iya riƙe aikin teloli da dama, saboda haka ranar da ya tsaya, shagunan da ke jingine da shi duk sun tsaya. Ka je ka tambayi mai injin, sai ya ɗaga hannu ya ce ƙaddara ce. Mu ba mu yarda ba. Gobara ƙaddara ce. Ƙarfen da kowa ya san yana cinyewa, aka ƙi ajiye na canji, sunansa sakaci.

Duba yadda injin yake aiki. Ko ƙirar Japan ne irin Tajima da Barudan, ko na Sin da suka fi yawa a kasuwa, kowane kai yana ɗauke da allurai 9 ko 12 ko 15, yana kuma soka yadi sau 800 zuwa 1,000 a minti ɗaya. Awa 10 ba tsayawa, ka lissafa, ya haura sara 480,000. A ƙarƙashin farantin akwai ƙugiya mai juyawa da ke cafke zaren sama ta sarƙa shi da na kwarkwaro, kuma tsakaninta da allura bai wuce kaurin takarda ba. Allura ta dakushe a jikin shadda mai tauri, ta karye, ta karci bakin ƙugiya, shi ke nan zare ya fara tsinkewa kowane minti. Akwai gidan kwarkwaro da ƙaramin sifirin ɗinsa, akwai wuƙar yanke zare, akwai bel, akwai fis. Duk ka tara su ba za su cika gwangwanin madara uku ba, bel kaɗai ne zai leƙo waje. Ko wanne daga cikinsu ya gaza, injin miliyoyi ya zama tebur.

Tsohon keken surfani na Cornely, ƙirar Faransa, wanda ake sarrafawa da hannu ta ƙarƙashin tebur, yana da haƙuri. Makaniki na iya goge ƙarfe da magagari ya lallaɓa shi ya ƙarasa mako. Na kwamfuta ba ya jin lallashi. Allurarsa ma ba ta keken gida ba ce, mafi yawa DBxK5 suke ci, ba kuwa a kowane shagon zare ake samunta ba.

Mai inji a Kano zai iya wannan ganganci ya sha. Abu ya karye da hantsi, ya hau ɗan sahu ya zaga Ƙofar Wambai da Sabon Gari, kafin la'asar inji na kuka. Zuru fa? Saƙo daga Kano sai ya biyo ta Funtuwa da Gusau, ko ya zagayo ta Kwantagora da Rijau. Na Legas sai ya haura Ilori da Mokwa. Kowa ya san halin da hanyoyin nan suke ciki a 'yan shekarun nan, ya san direbobi ba sa son dare ya same su a daji. A ɗauki hoton ƙarfe a tura, a biya kuɗi, a jira mota ta cika, saƙo ya iso a tarar lambar ba ita ba ce. Wanda ya kafa inji a garin da ke nesa da dillalai ya san da nisan tun ranar da ya saya. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Hujjar da suke kawowa ita ce jari. Wai kuɗin da aka zuba a ƙarfen da ke kwance cikin durowa matacce ne, gara a juya shi. Har wasu masu ɗan karatu za su kawo maka Toyota, kamfanin da ya yi suna wajen ƙin tara kaya, sai lokacin buƙata ake kawo masa. Sun manta ƙarshen labarin. Girgizar ƙasar Japan ta 2011 ta tsayar da masana'antunsa, daga nan ya sa masu kawo masa ƙananan na'urorin lantarki su riƙa ajiye na watanni, abin da ya ba shi sararin numfashi a farkon ƙarancin 2021. In mai hanyoyin Japan ya ga dole ya yi ajiya, ina ga mai jiran motar Kwantagora? Ban da haka, dala da take wajen naira 460 kafin Yunin 2023 ta haura 1,500 a farkon 2024. Wanda ya sayi ƙugiya biyu kafin nan ya ajiye, kuɗinsa bai mutu ba, ƙiba ya yi. Kuma kar a manta, mai injin nan ya karɓi kafin alƙalami daga hannun mutane. Kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski.

Inda muke ɗan tausaya musu shi ne manyan kaya. Allon lantarki da ke sarrafa injin, ko mota mai jan firam, ba kowa ke iya saye ya ajiye ba, ga wuta da ke zuwa da ƙarfi ta ƙona su, ga janareta mai hawa da sauka. Amma ko nan akwai mafita da ba ta buƙatar gwamna. Garin da mata ke adashin kayan ɗaki, ya gagari masu inji biyar su yi karo-karo su ajiye allo ɗaya a hannun amintacce? Abin da ke hanawa shi ne kowa ya sayi irin da ya ga araha, ba inji biyu da kayansu ke shiga juna, sannan kowa na ganin tsayuwar injin maƙwabci kasuwarsa ce. Sitabilaiza mai kyau ma, wadda ita ce garkuwar allon, sai an yi asara ake tunawa da ita.

Masu rabon kayan sana'a su ma suna da kaso. A tara matasa, a ɗauki hoto da kekuna a jere, ba fakitin allura, ba kwalbar mai, ba wanda aka koya wa saita ƙugiya. Zuru na da barikin soja, tana da Jami'ar Noma ta Tarayya, ga makarantu masu son bajo a rigar ɗalibai, ga Sallah biyu, ga Kirsimeti, ga Uhola. Aiki ba ya yankewa duk shekara, amma yaron da zai iya kwance kan inji ya mayar sai an kira shi daga wani gari, a biya masa mota da masauki.

Saboda haka mai son rubuta labarin telan Sallah a bana, ya fara zuwa shagon mai aikin kwamfuta a cikin Sha'aban, kafin aiki ya taso. Ya gaishe shi, ya ce Malam, don Allah buɗe mini durowar nan. Ya ƙirga fakitin allura nawa ne a ciki, gidan kwarkwaro nawa, akwai ƙugiya ta biyu ko babu, sannan ya tambayi teloli nawa ke kawo masa aiki.